Baƙon Labari a Dandalin Hausa: Matsalar Baddala Littafin Jane Austen

Tun daga lokacin da aka fara rubuta adabin Hausa da boko, marubuta ba su ɗauki aron labari daga wata ƙasa a kan abin kunya ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya ya zuba a cikin Magana Jari Ce (1937–1939), ya kuwa yi musu wanka da sutura irin ta gida, har mai karatu yakan ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) asalinsa jarumi ne na waƙoƙin mutanen Rasha. Irin wannan aiki shi ake kira baddala, don a bambanta shi da fassara. Mai fassara ɗan aike ne, abin da aka ba shi shi zai kai. Mai baddala kuwa yana da iznin sake suna da gari da al'ada, muddin bai kashe ran labarin ba. Wahalar aikin ita ce gane inda ran yake.

A fagen wasan kwaikwayo ma an yi irin wannan aro. Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night na Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu (1971), Ɗahiru Idris ya juyo The Merchant of Venice ya kira shi Matsolon Attajiri (1981), Ahmed Sabir kuma ya kawo wasan Taufiƙ al-Hakim na ƙasar Masar da sunan Mutanen Kogo (1976). Sunayen nan kaɗai sun isa su nuna abin da yake faruwa ga labari in ya ƙetare iyaka. Daren da Shakespeare yake nufi shi ne na sha biyu bayan Kirsimeti, daren shagali da sakin fuska a Ingila ta zamaninsa. Bahaushe kuwa in ya ji an ce daren sha biyu, ga Mauludi hankalinsa zai tafi. Ashe ke nan kalmomin sun iso lafiya, amma sun baro kayansu a hanya. A ɗaya wasan, attajirin da Shakespeare ya sa wa wasan suna shi ne Antonio, mutum mai kyauta wanda ya ci bashi don abokinsa. Sunan Hausa ya ɗauke hasken daga kansa ya mai da shi kan mai rowa, watau wanda ya ba da bashin. Mutanen Kogo ne kurum ya sauka a gidan da aka san shi, domin ƙissar Ashabul Kahafi tana bakin kowane almajiri.

Waɗannan duka tun asali wasanni ne. Ɗauko ƙagaggen labari a mai da shi wasa wani aiki ne dabam, kuma misalin da ya fi fice a nan shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara don dandamali aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Amma Shaihu Umar ya zo da wani sauƙi wanda ba kowane littafi yake da shi ba. Mai ba da labarin yana cikin labarin: malami ne a zaune, almajiransa sun kewaye shi, yana faɗa musu tarihinsa. Duk mai son ya kai shi dandali ya tarar an riga an shimfiɗa masa buzu.

Yawancin wasan da Hausawa suka kalla ido da ido 'yan sa-kai ne suka yi shi: ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu, da na samari da ma'aikata a garuruwa. Daga irinsu ne Tumbin Giwa ta Kano ta fito, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lasafta shi a farkon finafinan Hausa na bidiyo. A Jamhuriyar Nijar kuwa, Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 yadda ƙungiyoyi irin ta su Yazi Dogo a Damagaram suke gina wasa ba tare da cikakken rubutu ba. Ana shirya ƙashin labari tare, sa'an nan kowane ɗan wasa ya sa masa nama da bakinsa. A Ingila da Amurka, littafin soyayyar da ƙungiyoyin sa-kai suke yawan komawa gare shi shi ne Pride and Prejudice na Jane Austen (1775–1817), wanda aka fara bugawa a 1813. Helen Jerome ta mai da shi wasa a 1935, an yi fim ɗinsa a 1940, a 2004 kuma Gurinder Chadha ta kai labarin garin Amritsar na Indiya. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan littafi zai kasance a hannun ƙungiyar sa-kai ta Hausawa. An zaɓi ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ta zama ma'auni, saboda dalilin da zai bayyana a gaba.

Labarin a taƙaice shi ne: Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar, ba namiji. Gidansa da gonakinsa na Longbourn suna kawo masa fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure dukiyar da wani sharaɗi na shari'ar Ingila wanda ya ce namiji kaɗai zai gaje ta. Ranar da ya mutu, wani ɗan'uwansa limamin coci mai suna Collins zai karɓe kome. Saboda haka uwar yaran ba ta da wani aiki sai neman yadda za ta aurar da su. Ta biyu a cikinsu, Elizabeth, ta ƙi Collins, ta kuma ƙi Darcy mai fam 10,000 a shekara a karon farko, saboda girman kansa da kuma mummunan zaton da ta yi masa. Sai daga baya kowannensu ya gane kurensa.

Mai kallon Hausa zai ce ai wannan labarin gida ne, ga uwa mai ɗoki, ga mai kuɗi mai ji da kansa, ga yarinya mai baki. Nan ne tarkon yake. Ginshiƙin da ya riƙe littafin duka shi ne sharaɗin gadon nan, shi ne kuwa abu na farko da zai faɗi in an mai da Bennet Musulmi mutumin Illo ko Ka'oje. A rabon gado na Musulunci, mutumin da ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, ba ɗa namiji, ba iyaye, dukiyarsa za a kasa ta 24. Matar ta ɗauki tumuninta, watau kashi 3. 'Yan matan su raba sulusi biyu, watau kashi 16. Ragowar kashi 5 ne kaɗai zai tafi ga asaba, dangin uba maza. Ashe Collins ɗin Hausa da kashi 5 cikin 24 zai tashi, mutanen gidan kuwa suna riƙe da 19. Ba mai korar su daga gidan ubansu. In kuwa ba tsoron kora, to, rawar ƙafar uwar ta zama kwaɗayi tsagwaronsa, alhali a wurin Austen wautarta tana da tushe: ita kaɗai ce a gidan take lissafin abin da zai faru in maigida ya kwanta dama. Ƙungiyar da ta bar wannan ya zube za ta sami dariya mai yawa, ta kuma yi asarar tausayin da yake ƙarƙashin dariyar.

Akwai hanyoyi biyu na maye gurbin ginshiƙin, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce a mai da Bennet mai sarauta, kamar dagaci ko wani ɗan majalisar hakimi, wanda gidan da yake ciki da gonar da yake nomawa na sarauta ne. Irin wannan sarauta ba ta zuwa ga 'ya mace, kuma wanda aka naɗa shi zai shiga gidan. Wannan ya yi daidai da tsarin Austen ƙwarai, har ma ya ba Collins dalilin fadancinsa. Illarsa ita ce yana jawo rikicin neman sarauta cikin wasa, abin da yakan cinye kowane jigo da aka haɗa shi da shi. Hanya ta biyu ta fi kusa da zuciyar masu kallo, ita ce ta kayan ɗaki. A Ingila ta 1813 mace ita take shiga gidan miji da dukiya, abin da ya rage wa 'yan matan Bennet daraja ke nan, don abin da kowaccensu za ta samu bai wuce fam 1,000 ba. A ƙasar Hausa namiji yake ba da sadaki da lefe, amma gado da katifa da jere da gara duk a wuyan iyayen amarya suke. Macen da ta haifi 'ya'ya mata biyar, mijinta kuma ya manyanta, ba ta bukatar a yi wa 'yan kallo bayanin abin da ya hana ta barci. Tun suna goye take zubin adashi. Da za a buɗe wasa da ita tana ƙirga kwanukan da ta tara a ƙarƙashin gado, maigida yana kishingiɗe da rediyonsa bai ko ɗaga kai ba, da an faɗi rabin babin farko ba tare da an ari kalma ɗaya daga Turanci ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. A zamanin Austen aure ƙofa ce wadda in an shiga ba fita. Kafin dokar 1857, wanda yake son cikakken saki da iznin sake aure sai majalisar dokoki ta yi masa doka ta musamman, abin da sai masu hannu da shuni. Shi ya sa auren Charlotte Lucas yake da nauyi a littafin. Tana da shekara 27, ba kyau, ba dukiya, ta karɓi Collins ido buɗe, ta san ba ta son sa, ta kuma san da shi za ta ƙare rayuwarta. A dandalin Hausa mai kallo ya san akwai saki, akwai zawarci, ya kuma san Collins yana iya auren Charlotte bana ya dawo wa wata 'yar Bennet baɗi. Lallai ne mai baddala ya nemo wa wannan zaɓi wani nauyin daga cikin rayuwar Hausawa, kamar gorin da ake yi wa budurwar da ƙannenta suka riga ta, ko halin bazawarar da ta koma ɗakin uwarta da yara. Abin da ya kamata a guje shi ne hanyar da ta fi sauƙi, watau a mai da labarin na auren dole. Wannan jigo ya yi ƙarfi a adabin Hausa, musamman a littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980, har ya zama kwari wanda duk ruwan da ya zubo can yake gangarawa. 'Yan wasan da suke ƙaga magana nan take, da wuya su wuce fitowa biyu ba su mai da Bennet azzalumin uba ba. Amma a littafin ba wanda ya tilasta wa kowa. Uban ma shi ya goyi bayan Elizabeth da ta ƙi Collins. Rashi da lissafi su suka aurar da Charlotte, wannan kuwa ya fi sandar uba ban tsoro, don ba wanda za a kai ƙara.

Sai kuma kunya. Uwargida Bennet tana yabon kyan babbar 'yarta Jane a gaban baƙi, tana shelar aurenta tun ba a nema ba. Uwar Bahaushiya, balle a ƙasar da aka cuɗanya da Fulani, ko sunan 'yar fari ba ta faɗa. In aka sa ta yi abin da ta Austen ta yi, 'yan kallo za su ɗauke ta mai taɓin hankali, abin da ya wuce nufin marubuciyar. Gara a raba aikinta biyu, a bar mata damuwa da lissafi, a ba wata goggo ko dillaliya bakin. Haka nan barkwancin da yake tsakanin Elizabeth da ubanta, a Hausa tsakanin jika da kaka yake, ko tsakanin taubasai. Ana iya shigo da kaka cikin gidan don ya ɗauki wannan, sai dai fa a sani an rage wa uban laifinsa, domin a littafin wannan barkwanci shi ne mafakar da yake ɓuya a ciki don kada ya tsawata wa iyalinsa.

Dalilin zaɓen Bagudo yana ga autar gidan, Lydia. Tana da shekara 16 ta gudu da Wickham, hafsan soja wanda rundunarsa ta yi zango a garinsu. Ta bar takarda cewa Gretna Green za su, wani ƙauye da yake daf da ƙetare iyakar Sikotlan. Dalili kuwa, dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, dokar kuwa ba ta hau kan Sikotlan ba. Watau iyaka a labarin wuri ne da doka take canzawa. Mutumin Kano ko Zariya sai an yi masa wannan bayani. Mutumin Bagudo kuwa a bakin iyaka ya tashi: daga Tsamiya ana shiga Segbana ta Jamhuriyar Benin, daga Lolo ana shiga Madekali, ga kuma Kogin Kwara da jiragensa. Ya san baƙon ma'aikaci mai kaki wanda aka turo aiki, ya yi wata shida yana zance a ƙofar gidan mutane, rana ɗaya a ce an yi masa canji. Wickham ba ya bukatar gabatarwa a irin wannan gari.

Duk da haka kamar ba ta cika ba, kuma inda ta gaza nan ne abin sha'awa yake. Iyakar nan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta haife ta, lokacin da suka raba ƙasar Bargu. Ta raba hukuma, amma dangi da addini suna nan yadda suke a kowane ɓangare. Gaskiya ne dokar iyali ta Benin ta 2004 auren mace ɗaya kaɗai ta sani, amma limamin da yake hayin can Malikiyya yake bi kamar na wannan hayi, ba zai ɗaura wa budurwa aure ba waliyyi ba. Yarinyar da ta gudu can ma tana iya faɗawa hannun kawunta a kasuwa. Saboda haka ƙetare iyaka ba ya ba masoyan Bagudo aure, ɓuya kaɗai yake ba su, ita ma ta 'yan kwanaki. Wannan kuwa ya fi kusa da abin da ya auku a littafin, domin su Lydia ba su je Sikotlan ba, a Landan suka maƙale ba aure, sai da Darcy ya biya basussukan Wickham a asirce aka rufa asiri. Mai baddalar da ya lura da haka zai sami fitowa mai ƙarfi: Darcy ya bi sawu ya ƙetare, ya nemo dattijan dangi na can, aka ɗaura aure da waliyyi, ya kuma roƙi kada a faɗi sunansa. Rufin asiri abu ne da Bahaushe yake auna mutum da shi, kuma shi zai sa 'yan kallo su yafe wa Darcy girman kansa tun kafin Elizabeth ta yafe.

Game da harshe, bambancin daraja da Austen take nunawa ta hanyar ladabin zance ana iya nuna shi da karin harshe. Hausar Bagudo ta yamma ce, ta masu cewa munka da sunka da wanga, tana kuma zaune tare da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da Kyanganci. Finafinan Kano sun saba sa irin wannan Hausa a bakin wanda ake so a yi wa dariya. A Bagudo dole a juya abin: Elizabeth ta yi Hausar garinsu cikakkiya mai daɗi, Darcy da 'yan rakiyarsa su zo da Hausar birni mai ratsin Ingilishi, su ne za a ji baƙi. Wasan da ya sa jarumarsa ta ari bakin Kano don ta nuna wayewa ya goyi bayan girman kan da littafin yake suka.

Abin da ya fi kome wuyar ɗauka shi ne muryar marubuciyar kanta. Littafin babi 61 ne, kuma daɗinsa mai yawa yana cikin habaicin mai ba da labari, wadda ba ta cikin taurari, ba ta da buzu irin na Shaihu Umar. Tana faɗin abu kamar ta yarda da shi alhali zambo take yi. Hausa ba ta rasa wannan makami ba, yana bakin maroƙa da zabiyoyi da 'yan kama. Sanƙira guda a gefen dandali, yana yi wa kowane mai shigowa kirarin da rabinsa yabo ne rabinsa sara, zai yi aikin da dogon bayani ba zai yi ba. Shi ne kuma zai ceci wasiƙar Darcy ta babi na 35, wadda a kanta labarin ya juya. Mutum ɗaya a tsaye yana karanta takarda mai tsawo a filin makaranta da dare, ba jama'ar da za ta jure. Sai a bar Elizabeth da takardar a hannu, abin da yake cikinta kuma a kwaikwaye shi a ɗaya gefen.

Akwai kuma batun 'yan wasa. Labarin mata ne: 'yan mata biyar, da uwarsu, da Charlotte, da ƙanwar Bingley, da innar Darcy. Chadha ma da take da kuɗin fim sai da ta rage 'yan matan suka koma huɗu. Ƙungiyar samari a ƙaramin gari ba safai take samun mata ko uku da iyayensu za su bari su hau dandali ba, in kuwa aka ɗaura wa ƙato zane ya fito a Elizabeth, wasan ya zama na 'yan daudu tun bai buɗe baki ba. Makarantar 'yan mata ita ta fi dacewa da wannan littafi. Yarinya cikin babbar riga da hula ba baƙon abu ba ce ga wanda ya ga tashen 'yan mata da azumi, kuma ba ta jawo irin waccan dariya.

Fitowar da za ta gwada gwanintar ƙungiya ita ce ta zuwan Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy, wadda ta ƙudura tun yana jariri 'yarta zai aura. Wannan auren zumunci ne sak, ba abin da za a canza. Ta zo har gida don ta sa Elizabeth ta yi alkawarin rabuwa da shi, Elizabeth kuwa ta ƙi, ta mayar mata da magana ɗaya bayan ɗaya. In 'yar Hausa ta tsaya tsaye ta yi wa sa'ar uwarta haka, jama'a za su koma bayan tsohuwar nan take, su ce ba ta da tarbiyya. Dole ta yi ƙin nan a durƙushe, kanta a sunkuye, tana cewa inna a kowace gaɓa, tana ba da haƙuri, ba ta kuwa ba da alkawarin ba har baƙuwar ta shuri takalmanta.